Rufe Zaure, Gida Na Nan: Yadda Ake Tayar da Kwamfuta Ba Allon Hotuna

Da hantsi ranar wata Asabar cikin watan Afrilu, ɗan ƙanwata ya faɗo zaure a guje, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kawu, kwamfutar makaranta ta mutu!"

Na ce ya zauna ya sha ruwa tukuna, sannan ya gaya mini abin da idonsa ya gani. Ya ce ya kunna ta kamar yadda na aike shi, fanka ta motsa, 'yar fitilar gefe ta kama. Amma maimakon hoton da ya saba gani, wanda ke ɗauke da suna da gurbin kalmar sirri, sai allo ya tsaya baƙi ƙirin, da wasu ƙananan fararen haruffa can sama ta hagu, da wani ɗan layi yana ta ƙyafta ido.

"Me haruffan suka ce?"

"Sun ce makaranta login."

Na ce, "To, lafiyarta ƙalau. Ni na mai da ita haka daren jiya. Sallamarka take jira."

Yaron ya dube ni kamar bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Tun da ya buɗe ido, waya da kwamfuta duk da hoto suke gaishe shi. A wurinsa, baƙin allo alamar lalacewa ce. Ba shi kaɗai ba ne. Na sha ganin manya, har da waɗanda suka shekara goma suna aikin ofis, sun kwashi na'ura mai lafiya sun kai wa mai gyara don kawai ta tsaya a kan rubutu. Wannan shi ya sa na zauna rubuta abin da na sani a kan wannan al'amari, ko wani zai amfana.

Kwamfutar da ba mai zama gabanta

Kwamfutar da muke magana a kanta tsohuwar laftof ce, 'yar gwanjo, wani uba daga cikin iyayen yara ya ba makarantar unguwarmu a Zariya sadaka. Ƙwaƙwalwar aikinta, wadda masu gyara ke kira ram, gigabait 2 ce kacal. Na sa mata Linux, na ɗora ta a kan kanta a ofishin hedimasta, na haɗa ta da 'yar na'urar rarraba waifai. Aikinta uku: tana adana sakamakon jarrabawa, tana riƙe takardun darasi, kuma tana ɗauke da kwafin Wikipedia ta hanyar manhajar Kiwix, yadda malamai za su buɗe ta wayoyinsu ba sai sun sayi data ba.

A duk ayyukan nan uku babu wanda ke buƙatar mutum ya zauna gabanta. Malamai daga ajinsu suke shiga, ni kuma daga gida ko daga ɗakin malamai. Amma kullum aka kunna ta, sai ta shimfiɗa allon shiga mai launi, ta tsaya tana jiran baƙon da ba zai zo ba, tun safe har a tashi. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe mata hanci. Fanka ta dinga kuka, gindinta ya yi zafi kamar kaskon tuya, in malamai biyar suka shiga lokaci guda sai ta fara jan ƙafa. In aka ɗauke wuta kuwa, tsohon batirinta ba ya kai ko'ina.

Wata rana hedimasta ya ce mini, "Malam, wannan abin naka zai kai mu damina kuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kaya ne suka yi mata yawa. Bari in sauke mata wanda ba ta buƙata."

Kayan da na fara saukewa shi ne allon shiga mai hotuna.

Me ke faruwa in ka danna maɓallin kunnawa

Kafin a fahimci abin da na cire, sai an san abin da ke gudana a cikin 'yan daƙiƙoƙin nan da muke tsayawa muna kallon tambarin kamfani.

Da farko wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin na'urar tun daga masana'anta ce ke farkawa. A tsofaffin kwamfutoci sunanta BIOS, a sababbi UEFI. Ita ke duba ko gaɓoɓi suna nan, sannan ta nemo faifan da za a tashi daga kansa. Daga nan ta miƙa wa mai ɗora tsari, wanda a yawancin kwamfutocin Linux ake kira GRUB. Shi kuma ya ɗauko zuciyar tsarin, wato Linux ɗin kanta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Zuciyar nan ita ke magana da faifai da ƙwaƙwalwa da madannai da katin intanet.

Da ta daidaita, sai ta tayar da manhaja guda ɗaya, ta ba ta lamba 1. Wannan manhaja ita ce uwar gida. Duk sauran manhajojin da za su tashi, ita ke tashe su ɗaya bayan ɗaya: mai kula da agogo, mai haɗa intanet, mai rubuta rahoton abin da ya faru, mai sauraron masu shigowa daga nesa. A can ƙarshen layi, bayan kowa ya kama aikinsa, sai ta tayar da wani guda, mai kula da allon shiga. Shi ne ke zana hoton nan mai gurbin suna da kalmar sirri.

Wannan mai kula yana da sunaye dangane da irin Linux ɗin da ke hannunka. A Ubuntu da Fedora, masu amfani da teburin GNOME, sunansa GDM. A masu teburin KDE Plasma, SDDM. A Linux Mint da Xubuntu, LightDM. Kakansu shi ne XDM, wanda ya zo da tsarin zane na X da aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka a 1984.

Abin lura a nan shi ne, allon shiga manhaja ce guda cikin manhajoji, kuma ita ce ta kusan ƙarshe. Ka ɗauki gidan Bahaushe. Akwai harsashi, akwai katanga, akwai rumbu da rijiya da madafa. Sannan a bakin ƙofa akwai zaure da aka yi wa shafe, aka zana masa dagi, aka shimfiɗa tabarma don baƙi. Zaure yana da daraja, nan ake sallama, nan ake karɓar mutane. Amma in mai gida ya ja ƙyaurensa ya rufe, ruwa bai ƙafe a rijiya ba, hatsi bai ragu a rumbu ba, tukunya ba ta sauka daga murhu ba. Gidan da ba a kawo masa baƙi, ba dole ne a riƙa share zaurensa ana kunna masa fitila dare da rana ba.

Rubutu ya girmi hoto

Baƙin allon da ya tsorata ɗan ƙanwata ya girmi hoton da ya saba da shi nesa ba kusa ba. Linux ta gaji ɗabi'unta daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1969. A lokacin, mutum yakan yi magana da kwamfuta ne ta wata na'ura mai kama da tafireta, ana kiranta teletaif: ka buga umarni, ita kuma ta buga maka amsa a kan takarda. Daga baya aka samu allo mai nuna haruffa kaɗai, irin VT100 na kamfanin DEC da ya fito a 1978. Har gobe, in ka dubi saman baƙin allon Linux za ka ga an rubuta tty1 ko tty3. Haruffan nan uku guntun sunan teletaif ne, tsatson ya bi jini.

Waɗanda suka koyi kwamfuta a farkon shekarun 1990 ma za su tuna. Na'ura takan tashi ta tsaya a kan DOS, baƙin allo da harafin C, sai ka rubuta win sannan Windows ta buɗe da tagoginta. Wato a da, hoto sai an kira shi yake zuwa. Daga baya ne aka mai da shi mai tarbar kowa tun daga ƙofa.

A yau ma manyan na'urorin duniya ba su damu da zaure ba. Kwamfutocin da ke riƙe shafukan intanet suna jere ne a manyan ɗakunan sanyi, galibi ko allo ba a haɗa musu. Tun Nuwamban 2017, duka kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ke jerin TOP500 Linux suke amfani da ita. Shi kansa kamfanin Microsoft, tun daga Windows Server 2008, ya fito da wani zubi mai suna Server Core wanda aka cire masa teburin hotuna da aka saba. Don haka abin da na yi wa 'yar laftof ɗinmu ba baƙon abu ba ne, hanya ce da manya suka daɗe suna bi.

Daga lamba zuwa suna

Lokacin da na fara koyon Linux, da lambobi ake wannan aiki. Tsarin da aka gada daga Unix System V ya kasa rayuwar kwamfuta zuwa matakai bakwai, daga 0 zuwa 6. Mataki na 0 kashewa ne, na 6 sake tashi, na 1 na gyara ne inda mai gida kaɗai ke ciki. A dangin Red Hat, mataki na 3 shi ne komai ya tashi ban da hotuna, na 5 kuma komai har da hotuna. Akwai fayil mai suna /etc/inittab, a cikinsa akwai layi kamar haka:

id:5:initdefault:

Ka goge 5 ka sa 3, shi ke nan, gobe kwamfuta ta tashi a kan rubutu. Sai dai kowane gida da al'adarsa. A Debian, matakai na 2 zuwa 5 duk iri ɗaya ne, canza lamba ba ta hana komai, sai ka bi mai kula da allon shiga ka dakatar da shi da kansa. A Slackware, wadda Patrick Volkerding ya fitar a 1993, hotuna suna mataki na 4 ne, kuma ita tun asali a kan rubutu take tashi. Wannan bambanci ya sha rikita masu koyo: mutum ya karanta bayanin wani gida, ya je ya gwada a wani, abu ya ƙi.

A 2010 wasu injiniyoyi biyu, Lennart Poettering da Kay Sievers, suka fito da sabuwar uwar gida mai suna systemd. Fedora 15 ta ɗauke ta a 2011, Red Hat Enterprise Linux 7 a 2014, Debian 8 da Ubuntu 15.04 kuma a 2015. An tafka muhawara mai zafi a kanta, har wasu suka ɓalle daga Debian suka kafa Devuan don ba sa son ta. Amma ga mai buƙata irin tawa, ta kawo sauƙi guda: yanzu umarni ɗaya ne ke aiki a kusan duk manyan gidajen Linux. Maimakon lamba, sai aka koma suna. Inda ake cewa 3, yanzu multi-user.target. Inda ake cewa 5, yanzu graphical.target. Ka ɗauke su kamar zango biyu a hanya guda. Matafiyi zai iya yada zango a na farko, ko ya ƙara gaba kaɗan ya kai na biyu. Duk abin da ke na farko yana cikin na biyu, hotuna ne kawai ƙari.

Ga yadda na yi

Kafin komai, leƙa ka gani tukuna. A kan kwamfutarka mai Linux, danna Ctrl da Alt da F3 tare. Allo zai koma baƙi, ya nemi sunanka. Rubuta sunan da kake shiga da shi, da ƙananan haruffa kamar yadda aka yi masa rajista, ka danna Enter. Sai ya nemi kalmar sirri. A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, don in kana bugawa ba abin da ke fitowa, ko tauraro ko ɗigo. Madannai ba su mutu ba. Da gangan aka yi haka, don wanda ke tsaye a bayanka kada ya san ko da yawan haruffan. Buga kawai ka danna Enter. In ka ga sunanka da alamar dala, ka shiga. Komawa kuwa, Ctrl da Alt da F1 ko F2, a wasu tsarin kuma F7. Wanda bai taɓa shiga ta wannan ƙofa ba, kada ya rufe waccan.

Bayan haka sai ka tambayi na'urar inda take yada zango yanzu:

systemctl get-default

Za ta amsa da graphical.target. Sai ka ba ta sabon umarni:

sudo systemctl set-default multi-user.target

Kalmar sudo na nufin da izinin mai gida kake magana, shi ya sa za a sake neman kalmar sirrinka. Abin da umarnin ke yi ɗan ƙarami ne: akwai wata alama mai suna default.target da ke nuna wa uwar gida inda za ta tsaya, ita ce aka juya ta fuskanci wani wuri. Ba a goge komai ba, ba a cire manhaja ko ɗaya ba. Sai ka rubuta sudo reboot, kwamfuta ta tashi, ta tsaya inda ɗan ƙanwata ya same ta.

Ranar da ka buƙaci hotuna, misali za ka buga wasiƙa ko ka kalli wani zane, bayan ka shiga sai ka ce:

sudo systemctl isolate graphical.target

Zaure ya buɗe, na wannan zaman kaɗai. In an sake kunnawa, za ta koma rubutu. Inda aka sa manhajar startx, rubuta wannan kalma kaɗai kan buɗe tebur kai tsaye ba tare da allon shiga ba. In kuwa ka ga tsarin bai yi maka ba, kana son komawa yadda kake tun farko:

sudo systemctl set-default graphical.target

Ni na rubuta waɗannan layuka a takarda da biro, na manna a cikin murfin akwatin da ke kusa da kwamfutar. Ranar da ba na gari, hedimasta ko wani malami zai iya bi.

Masu Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman katin banki, nasu ya fi sauƙi. Su rubuta sudo raspi-config, su shiga zaɓin yadda na'ura ke tashi, su zaɓi rubutu maimakon tebur.

Da na gama, na rubuta free -h, umarnin da ke nuna yawan ƙwaƙwalwar da ake ci da wadda ta rage. Ɗaruruwan megabait ne suka dawo hannu. Ga mai sabuwar na'ura mai gigabait 16, wannan ba abin a zo a gani ba ne. Ga mai 2 kuwa, kamar a sauke wa jaki buhu guda ne cikin huɗu.

Inda ƙafa ke zamewa

Akwai wurare huɗu da na ga mutane na tuntuɓe, biyu daga ciki ni ma na taka.

Na farko, waifai. Washegarin da na canza tsarin, malamai suka ce wayoyinsu ba sa ganin kwamfutar. Ashe kalmar sirrin waifai an adana ta ne a asusun mutum ɗaya, sai shi ya shiga ta allon hotuna sannan ake buɗe ta. Tun da ba mai shiga, ba a haɗa ba. Maganin shi ne a mai da haɗin na kowa da ke kan na'urar. A tsarin da ke amfani da NetworkManager akwai manhaja mai suna nmtui da ke aiki a baƙin allo, da kibiyoyin madannai ake zagaya cikinta. Daga baya ma na ja waya daga na'urar rarrabawa zuwa laftof ɗin, na huta.

Na biyu, murfi. Laftof in ka rufe ta takan yi barci, barcinta kuwa na nufin malamai sun rasa takardunsu. A fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf akwai layin HandleLidSwitch. Ka cire alamar da ke gabansa, ka sa ignore a matsayin amsarsa, ka sake tayar da na'ura. Daga nan rufe murfi ba ya sa ta barci, ƙura kuma ta rage shiga tsakanin madannai.

Na uku, gaggawar gogewa. Wani in ya ji an ce ba a buƙatar mai kula da allon shiga, sai ya tuge shi gaba ɗaya. Manhajojin Linux a sarƙe suke da juna, ka ja ɗaya wasu su biyo ta, kafin ka ankara rabin teburinka ya tafi. Rufe ƙofa daban, rushe zaure daban. Wanda ya tabbata har abada ba zai nemi hoto ba, gara tun farko ya sa zubin da aka yi don wannan aiki, kamar Ubuntu Server, ko Debian ba tare da zaɓar tebur ba.

Na huɗu, in kana cikin hotuna ka ba da umarnin isolate zuwa multi-user.target, nan take za a rufe duk tagogin da ka buɗe, ba tambaya. Ka adana aikinka tukuna.

Ranar da ilimin nan ke ceto

Ko da ba ka da niyyar mai da kwamfutarka ma'ajiya, akwai ranar da wannan sani zai yi maka rana. Wani abokin aikina, malamin lissafi, ya sabunta tsarinsa da daddare. Da safe ya kunna, allon shiga ya fito, ya buga kalmar sirri, allo ya yi fari ya yi baƙi, ya dawo da shi inda ya fara. Sau goma haka. Tambayoyin jarrabawar zango duka suna ciki, ga shi ba shi da kwafi ko'ina. Ya same ni a ɗakin malamai hankalinsa a tashe.

"Malam, sai dai a goge a sake sawa ko?"

Na ce, "Haba, Malam, don ƙyaure ya kakare ba a rushe gida."

Manhajar da ke tuƙa katin hoto ce ta saɓa da sabon tsarin. Muka danna Ctrl da Alt da F3, muka shiga ta rubutu, fayilolinsa na nan ba abin da ya taɓa su. Muka fara kwashe su a filash, sannan muka gyara abin da ya ɓaci a tsanake.

Wani lokaci allo kan daskare har maɓallan nan uku su ƙi aiki. A nan sai a tare na'urar tun daga GRUB. A Ubuntu, riƙe Shift ko danna Esc da zarar tambarin kamfani ya wuce yakan fito da jerin zaɓi. Ka danna harafin e, ka nemi layin da ya fara da kalmar linux, ka je ƙarshensa, ka bar tazara, ka ƙara:

systemd.unit=multi-user.target

Sannan Ctrl da X, ko F10. Wannan na tashi ɗaya ne kawai, ba ya zama. Ga wanda ya saba da tsohon zamani, lamba 3 kaɗai a ƙarshen layin ma tana yin aikin, don systemd ba ta manta harshen iyaye ba.

Wannan kuma ya kawo mu ga wata gaskiya da ya kamata a faɗa a fili. Baƙin allo ba kwaɗo ba ne. Gaskiya ne rage manhajojin da ke gudana na rage ƙofofin da ɓarawo zai laluba, kuma yaro mai ƙiriniya in ya ga rubutu yakan ja da baya. Amma wanda ya san hanya, in na'ura ta shiga hannunsa, zai iya tare ta a GRUB kamar yadda muka yi. Sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane amana ne. Kalmar sirri mai ƙarfi, da ofis mai kulle, da kwafi a wani wuri, su ne tsaro.

Wa ya kamata ya yi, wa ya kamata ya bari

Ba kowa nake kira ga wannan ba. Ɗalibar da ke rubuta kundin digirinta, da mai shagon buga takardu, da mai haɗa bidiyon biki, aikinsu a kan hoto yake, su bar zaurensu a buɗe. Wanda abin ya shafa shi ne mai na'urar da ke yi wa wasu hidima ba tare da an zauna gabanta ba: ma'ajiyar makaranta, ta asibitin unguwa, ta ƙungiyar 'yan kasuwa, ko tsohuwar kwamfutar da ake shirin jefarwa alhali tana da sauran ƙarfi. Irin wannan, daga nesa ake kula da ita ta hanyar SSH, wadda wani ɗan Finland mai suna Tatu Ylönen ya ƙirƙira a 1995. Ni daga wayata nake shiga in ga lafiyarta, ina zaune a ɗakin malamai.

Akwai kuma mai son koyo. A ganina, ba abin da ke koya wa matashi yadda kwamfuta take kamar ya yi mako guda yana shiga ta rubutu. Hoto yana nuna maka abin da wani ya zaɓa ka gani. Rubutu kuwa sai ka san abin da kake so, ka faɗe shi daidai, harafi bai ƙaru ba bai ragu ba. Mu da muka taso da allo da tawada mun san darajar wannan horo. Yawancin kwamfutocin da ke iso mana sun riga sun yi wa wasu aiki shekaru a wata ƙasa, wutarmu ba ta tsayawa, zafinmu ba irin na inda aka ƙera su ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo. Waɗanda suka tsara yadda na'ura za ta tashi sun yi don mutum mai zama gaban tebur ne, kuma sun kyauta da suka bar mana damar canzawa. Saura mu san cewa damar tana nan.

A wannan Asabar ɗin, da ɗan ƙanwata ya gama shan ruwa, muka taka tare zuwa makaranta. Na ja masa kujera, na ce shi zai shiga. Ya rubuta sunan, ya danna Enter. Ya fara buga kalmar sirri, ya tsaya, ya waigo.

"Kawu, ba ta rubutawa."

"Tana jin ka. Ƙarasa."

Ya ƙarasa. Alamar dala ta fito tana jiransa. Na ce ya rubuta uptime, ta gaya masa minti nawa ke nan da tashinta. Na ce ya rubuta free -h, ya karanta mini lambobin da kansa. Ya ɗora tafin hannunsa a gefen na'urar inda iska ke fita, ya ce yau ba zafi kamar da.

Damina ta zo ta wuce, laftof ɗin na nan a kan kantarta, murfi a rufe. Shi kuwa yaron, littafi guda ya ware na umarni, ya cika shafi bakwai da rubutun hannunsa. Makon jiya da wayar wani malami ta kasa buɗe takardun darasi, ba a aiko gidana ba. Shi aka kira.